Ranakun Shahidai: Gadon Ikkilisiyar Afirka ta Arewa

Wanda ya tashi daga Agadas ya nufi arewa, ya bi ta Arlit ya wuce Asamaka, zai shiga ƙasar Aljeriya. In ya ci gaba ya ratsa Tamanraset da sauran hamada, zai kai bakin Bahar Rum, inda Aljeriya da Tunisiya suke kwance kusa da juna. A yau kusan dukan mutanen waɗannan ƙasashe Musulmi ne, Kirista kuwa 'yan kaɗan ne. Amma a zamanin mulkin Romawa akwai ikkilisiya babba a wurin. A wani taro da aka yi a birnin Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, a shekarar 411, bishof fiye da 500 ne suka hallara.

'Yan Katolika suna da al'adar tunawa da waliyyai da shahidai kowace rana. Suna duban kalanda su ga waliyyin ranar, suna jin sunayensu a cikin Mas, suna kuma raɗa wa 'ya'yansu waɗannan sunaye a wurin baftisma. Maƙwabtansu sukan yi tambaya, su ce, ashe wannan ba bautar matattu ba ce? Tambayar tsohuwa ce. An yi ta a Afirka ta Arewa shekara 1600 da suka wuce, a can ne kuma aka ba da amsar da ake koyarwa har yau. Domin haka tarihin wannan ikkilisiya ya cancanci a san shi.

Shahidan farko

A ranar 17 ga Yuli na shekarar 180 aka kawo Kirista goma sha biyu, maza bakwai da mata biyar, daga wani ƙaramin gari da ake kira Silli, aka tsayar da su gaban gwamna Saturninus a Kartaj. Gwamnan ya ce su rantse da ikon Kaisar su koma gida. Babbansu, mai suna Speratus, ya amsa cewa su ba su taɓa cutar kowa ba, suna biyan haraji, amma sujada ta Allah ce shi kaɗai. Aka tambaye shi abin da ke cikin akwatin da yake riƙe da shi, ya ce littattafai ne da wasiƙun Bulus. Gwamna ya ba su kwana 30 su yi shawara, suka ce ba su bukata. A ranar aka fille musu kai.

Takardar wannan shari'a gajeriya ce ƙwarai, amma tana cikin rubuce-rubucen Kirista mafi daɗewa a harshen Latin. Abin lura shi ne, masu bi sun adana sunan kowa da kowa, sun kuma adana ranar. Tun daga nan ikkilisiyar Afirka ta nuna halinta na ƙin barin sunan shahidi ya ɓace.

Perpetuwa da Felisita

Shekara 23 bayan haka, a 203, aka kama waɗansu masu koyon baftisma. A cikinsu akwai Perpetuwa, 'yar babban gida, mai shekara wajen 22, tana da goyo a hannu. Akwai kuma Felisita, baiwa, da ciki wata takwas. Malaminsu Saturus, wanda yake koya musu bangaskiya kamar yadda katakis yake yi a yau, ba ya nan sa'ad da aka kama su. Da ya ji labari sai ya miƙa kansa, gama bai yarda almajiransa su sha wuya shi yana waje ba.

Mahaifin Perpetuwa ba Kirista ba ne. Ya zo wurinta sau da yawa yana roƙonta ta dubi furfurarsa, ta dubi jaririnta. Wata rana ta nuna masa tulun ruwa, ta tambaye shi ko za a iya kiransa da wani suna dabam. Ya ce a'a. Ta ce haka ita ma ba za ta iya kiran kanta da wani suna ba, sai Kirista. An yi musu baftisma suna tsare. Damuwar Felisita kuwa dabam ce. Dokar Romawa ta hana a kashe mace mai ciki, saboda haka tana tsoro kada a bar ta baya, ta mutu daga baya a tsakanin masu laifi. 'Yan'uwan suka yi addu'a tare, ta haifi 'ya mace a kurkuku 'yan kwanaki kafin ranar, wata mai bi ta ɗauki jaririyar ta yi renonta.

A ranar 7 ga Maris aka fito da su filin wasa na Kartaj, a bikin ranar haihuwar Geta ɗan Kaisar. Aka sakar wa mazan namomin jeji, matan kuma aka sakar musu wata saniya mai faɗa. Waɗanda suka rage da rai aka ƙarasa su da takobi. Haunin da aka ba Perpetuwa sabon hannu ne, hannunsa yana rawa, har sai da ita da kanta ta kai takobin wuyanta.

Perpetuwa ta rubuta labarin zamanta a kurkuku da hannunta, wani mai bi ya ƙarasa shi. Kowace shekara ana karanta shi a majami'u ranar 7 ga Maris. Mutane suka ƙaunace shi har ya zama dole daga baya a riƙa tuna musu cewa wannan labari ba ya cikin Littafi Mai Tsarki.

Bishof ɗin da ya ce a rubuta ranaku

A shekarar 250 Kaisar Desiyus ya ba da doka cewa kowa ya yi hadaya ga allolin Roma, ya karɓi takardar shaida. Aka cika kurkuku da Kirista. Bishof na Kartaj a lokacin shi ne Sipiriyan. Yana ɓoye, yana tafiyar da ikkilisiya ta wasiƙu. A cikin wata wasiƙa ya umarci firistoci da dikinoni su kula da gawar duk wanda ya mutu a kurkuku saboda Almasihu, su kuma rubuta ranar mutuwarsa, domin a riƙa tunawa da shi tare da shahidai a lokacin miƙa hadaya. Wani mai bi mai suna Tertulus shi ne yake aiko masa da waɗannan ranaku.

Daga irin wannan rubutu ne kalandar waliyyai ta fito. Kowace ikkilisiya tana da jerin ranakunta. Masu bi na dā suna kiran ranar mutuwar shahidi ranar haihuwarsa, gama a ranar ce aka haife shi cikin rai madawwami. Shi ya sa har yau yawancin bukukuwan waliyyai suke faɗuwa a ranar da suka mutu.

Sipiriyan shi ma ya shiga jerin. A ranar 14 ga Satumba na 258, a zamanin Kaisar Baleriyan, aka fille masa kai a bayan birnin Kartaj. Ya ce a ba haunin tsabar zinariya 25. Masu bi suka shimfiɗa ƙyallaye a gabansa domin su tari jininsa, da dare kuma suka ɗauki gawarsa da kyandir da jiniya suka binne. Sunansa ya haye teku. A cikin jerin ranakun shahidai na birnin Roma wanda aka kwafa a shekarar 354, akwai Perpetuwa da Felisita a ranar 7 ga Maris, da Sipiriyan a ranar 14 ga Satumba, ko da yake ba a Roma aka binne su ba.

Sa'ad da abin ya wuce gona da iri

Tsanani mafi zafi shi ne na Kaisar Diyokletiyan, wanda ya fara a 303. A 304 aka kama mutum 49 na garin Abitina saboda sun taru ranar Lahadi. A watan Disamba na wannan shekara aka kashe wata mata mai 'ya'ya, Krispina, a Tebessa, a gabashin Aljeriya ta yanzu. Shahidai suka yi yawa, ƙaunarsu ta yi yawa, sai ɓarna ta sami ƙofar shiga.

A Kartaj akwai wata attajira mai suna Lusila. Kafin ta karɓi Jibin Ubangiji takan sumbaci ƙashin wani mutum da take cewa shahidi ne, alhali ikkilisiya ba ta tabbatar da shi ba. Babban dikin, Sisiliyan, ya tsauta mata, ta riƙe abin a zuciya. Da aka naɗa Sisiliyan bishof wajen shekarar 311, Lusila ta goyi bayan abokan gābarsa da dukiyarta. Akwai waɗansu dalilai masu nauyi na wannan rikici, musamman maganar bishof-bishof da aka ce sun miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma a lokacin tsanani. Ikkilisiya ta tsage biyu. Ɓangaren da ya bi Donatus ya riƙa kiran kansa ikkilisiyar shahidai. Waɗansu masu zafin kai a cikinsu har suka riƙa neman mutuwa da gangan, suna faɗawa daga kan duwatsu, mutanensu kuma suna girmama su kamar shahidai. Wannan tsagewa ta ɗauki fiye da shekara ɗari.

Bishof-bishof na Katolika suka fara kafa dokoki. Wani taro a Kartaj a tsakiyar ƙarni na 4 ya hana a ba wanda ya kashe kansa darajar shahidi. Taron Hippo na 393 ya yarda a karanta labarin shahidai a majami'a a ranakun tunawa da su, ya kuma ce addu'ar da ake yi a bagade kullum ga Allah Uba za a miƙa ta. Taron Kartaj na 401 ya ce bagadan da ake ginawa a gonaki da bakin hanya da sunan shahidai, inda babu gawa kuma babu tabbataccen tarihi, a rushe su in zai yiwu, kada kuma a gina wani saboda mafarkin da wani ya ce ya yi.

Kwandon Monika

Akwai wata al'ada kuma da ta kafu ƙwarai a Afirka. A ranar shahidi mutane sukan kai abinci da ruwan inabi kabarinsa, su ci su sha a wurin. Monika, mutuniyar Tagaste, garin da yanzu ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ta tashi cikin wannan al'ada. Sa'ad da ta bi ɗanta Agustin zuwa Milan a Italiya, sai ta ɗauki kwandonta da fate da gurasa da ruwan inabi ta nufi wurin kaburburan shahidai kamar yadda ta saba. Mai tsaron ƙofa ya tsayar da ita, ya ce Bishof Ambros ya hana. Dalilinsa biyu ne, watau kada mashaya su sami hujjar maye, kuma abin ya yi kama da bikin da arna suke yi wa matattunsu. Wanda ya san yadda ake zuba wa kakanni gari da burkutu a gargajiya zai gane abin da Ambros ya hango.

Monika ba mashayiya ba ce, ɗan ƙaramin ƙoƙo ɗaya wanda aka surka da ruwa take zagayawa da shi. Duk da haka ba ta yi gardama ba. Daga ranar ta riƙa ba matalauta abin da take da shi, ta zo wurin shahidai da addu'a, ta karɓi Jibin Ubangiji. Ɗanta ya yi mamakin yadda ta bar al'adar ƙasarta da sauƙi haka, ya kuma rubuta labarin. Monika ta rasu a Ostiya a 387, shekarar da aka yi wa Agustin baftisma.

Amsar Agustin

Agustin ya komo Afirka, aka naɗa shi firist a Hippo, watau Annaba ta yanzu, a 391. Ba da daɗewa ba ya rubuta wa Aureliyus, Bishof na Kartaj, cewa shaye-shaye a kaburburan shahidai abin kunya ne. Ya ba da shawara kada a kawar da shi da tsawa, sai da koyarwa, abin da ake kashewa kuma a mai da shi sadaka ga matalauta.

A 395 ya gwada a garinsa. Mutanen Hippo suna da wani biki na shekara shekara domin Leyontiyus, wani tsohon bishof nasu, inda suke ci da sha a cikin majami'a. Agustin ya yi kwanaki yana wa'azi a kan wannan. Waɗansu suka yi gunaguni, suka ce me ya sa sai yanzu, ai bishof-bishof na dā ba su hana ba, ko a majami'ar Bitrus a Roma ma ana yi. Ya bayyana musu cewa magabata sun ƙyale abin ne bayan ƙarewar tsanani, domin arna masu yawa da suke shigowa kada su ga an raba su da bukukuwansu gaba ɗaya, amma yanzu lokaci ya yi da za a bari. A ranar bikin jama'a suka taru suka yi karatu da zabura, suna jiyo hayaniyar mutanen Donatus waɗanda suke nasu shagali a tasu majami'a.

Sai kuma zargi daga waje. Faustus, malamin addinin Mani, mutumin Mila a Aljeriya ta yanzu, ya ce Kirista sun dai canja wa gumaka suna, sun mai da su shahidai. Agustin, wanda a lokacin ya riga ya zama bishof, ya amsa masa wajen shekarar 400. Ya ce a tambayi kowa, ko ya taɓa jin firist ya tsaya a bagade ya ce yana miƙa hadaya ga Bitrus, ko Bulus, ko Sipiriyan. Hadaya ga Allah ake miƙa ta, Allahn da ya ba shahidai nasara, ko da a kan kabarinsu aka gina bagaden. Ana girmama shahidai da irin ƙaunar da ake yi wa mutanen Allah masu rai, sai dai ta fi ƙarfi domin su sun gama yaƙinsu. Ana tunawa da su domin a yi koyi da su, a kuma sami taimakon addu'arsu. Sujada kuwa ta Allah ce kaɗai.

Ya ƙara da abubuwa biyu. Na fari, sa'ad da aka karanta sunayen matattu a Mas ana yi musu addu'a, amma shahidai ba a yi musu, su ake roƙo su yi wa masu rai. Na biyu, game da masu neman mutuwa, ya koyar cewa shan azaba kaɗai ba ya mai da mutum shahidi, sai an duba abin da ya mutu dominsa. A kan Kalbari mutum uku aka gicciye, azabarsu ɗaya, dalilinsu dabam dabam.

Ikkilisiya ta shuɗe, sunaye suka saura

Agustin ya rasu ranar 28 ga Agusta na 430, mayaƙan Bandal suna kewaye da Hippo. Kartaj ta faɗa hannunsu a 439, Rumawan Gabas suka ƙwace ta a 533, Larabawa kuma suka ci ta a 698. Kirista suka yi ta raguwa sannu a hankali. A 1076 akwai saura, gama a shekarar Paparoma Giregori na 7 ya rubuta wa sarkin Musulmi na Bijaya game da bishof da aka naɗa wa Kiristan ƙasarsa. Bayan 'yan ƙarnuka babu sauran ikkilisiyar 'yan ƙasa.

Amma ranakun da Sipiriyan ya ce a rubuta ba su ɓace ba. Sunansa ya shiga babbar addu'ar Mas ta Roma, haka ma na Felisita da Perpetuwa. Ta haka aka yi ta ambatonsu kowace safiya a ƙasashen da ba su taɓa gani ba.

A 1868 Akbishof Lavigerie na Aljiyas ya kafa ƙungiyar 'yan mishan ta Afirka, waɗanda aka sani da fararen riguna da alkyabba irin na mutanen ƙasar. Ɗaya daga cikinsu, Fada Delattre, ya haƙa kufan Kartaj, a 1907 ya sami gutsattsarin wani dutse da aka zana sunayen Perpetuwa da Felisita da abokansu a kai. 'Yan wannan ƙungiya sun isa Yuganda da bishara a 1879, inda aka kashe Charles Lwanga da 'yan'uwansa tsakanin 1885 da 1887. Sa'ad da Paparoma Bulus na 6 ya sa su 22 cikin waliyyai ranar 18 ga Oktoba na 1964, ya haɗa sunansu da na mutanen Silli, da Sipiriyan, da Felisita da Perpetuwa.

Tsohuwar dokar bincike ita ma tana nan. Charles de Foucauld, wanda ya zauna tare da Buzaye a Tamanraset daga 1905, an harbe shi ranar 1 ga Disamba na 1916. Ikkilisiya ta sa shi cikin waliyyai a 2022 saboda tsarkin rayuwarsa, amma ba ta kira shi shahidi ba. A yaƙin basasar Aljeriya kuwa, tsakanin 1994 da 1996, an kashe firistoci da sistoci da 'yan zuhudu 19 waɗanda suka ƙi barin maƙwabtansu a lokacin hatsari. A cikinsu akwai 'yan zuhudu bakwai na Tibhirin, da Bishof Pierre Claverie na Oran, wanda bam ya kashe ranar 1 ga Agusta na 1996 tare da direbansa, wani saurayi Musulmi. Bayan bincike na shekaru aka tabbatar da shahadarsu, aka sa su cikin masu albarka a Oran ranar 8 ga Disamba na 2018, Musulmi da yawa suna wurin. Bishof-bishof na ƙasar suka ce ba su raba waɗannan 19 da dubban 'yan Aljeriya, har da limamai, waɗanda aka kashe a wannan fitina. Ranar tunawa da su ita ce 8 ga Mayu.

Abin da ya iso yau

A majami'un Katolika na Damagaram, Maraɗi, Garwa, Kaduna da Tamale, firist yakan sa jar riga a ranar shahidi. Ranar 7 ga Maris ta Perpetuwa da Felisita ce, 27 ga Agusta ta Monika, washegari ta Agustin. Ta Sipiriyan an mai da ita 16 ga Satumba, domin 14 ranar ɗaukaka Gicciye ce. A daren Ista, kafin a yi wa sababbin masu bi baftisma, ana kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna roƙonsu su yi musu addu'a. A ƙauyen da Fada ba ya zuwa sai jifa-jifa, katakis ne yake sanar da waliyyin ranar, ya ba da labarinsa a taƙaice. Uwar da ɗanta ya bauɗe takan tuna da Monika, wadda ta yi shekaru tana kuka saboda nata ɗan.

Iyakar da ikkilisiyar Afirka ta Arewa ta shata ita ce ta sa wannan al'ada ta zauna lafiya. Wanda ya rataya hoton waliyyi kamar laya, ko ya bi mafarki ya kafa wurin ibada, ko ya mai da ranar waliyyi ranar maye, ya koma ga abin da aka hana tun 401. Wanda kuwa ya ɗauki sunan Perpetuwa ko Sipiriyan a baftisma ya ɗauki kaya, gama Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Aikin iyaye da katakis ne su faɗa wa yaron ko wane ne mai sunan, a ina ya zauna, a wace rana ya mutu, da abin da ya mutu dominsa.